Maƙwabciyata Mutuniyar Zaila

Shekara uku na yi a Karantina, wata unguwa a Jidda, ban taka bakin titi ba. Na shigo Jidda ne ta jirgin ruwa daga Bur Sudan da takardar aikin hajji, takardar kuwa ta mutu ba da daɗewa ba bayan mun sauko daga Arfa. Maigidana yana da iƙama, wato takardar izinin zama. Lebura ne a hannun wani kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, mai ɗaukar kwangilar rushe tsofaffin gidaje a Balad, tsohon garin Jidda, amma sunana bai hau takardarsa ba. Duk lokacin da ya yi wa kafilin maganar, sai ya ce masa gobe in Allah ya yarda. Saboda haka na zauna a ɗaki.

Ɗakin namu sandaƙa ne, wato katako da gwangwanayen da aka farke aka miƙe aka buga da ƙusa. Da hantsi ya yi, jikin bangon ba ya taɓuwa don zafi. Mai ruwa yana kawo ruwa har ƙofa, maigida yana sayo cefane in zai dawo, ni kuma iyakata bakin zaure. Teku tana kusa da mu, in iska ta juyo har warinta nake ji, amma tun ranar da na sauka daga jirgi ban sake ganinta ba. An haife ni a wani ƙauyen Hausawa a Sudan, inda kakannina suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka, suka yi ta zama har aka binne su a can. Na saba da fili, na saba da zuwa bakin kogi wanki. A Karantina kuwa ina iya ƙirga takun da ke tsakanin tabarmata da murhu.

A shekarata ta biyu, lokacin ina da cikin 'yata ta fari, wata tsohuwa ta kama ɗakin da ke jingine da namu. Doguwa ce siririya, 'yar Somaliya, tana ɗingishi da ƙafar hagu. Lubban take sayarwa, ƙaron nan da ake zubawa a garwashi a turara ɗaki. Ba ta jin Hausa, ni ban jin yarenta, sai muka haɗu a Larabcin kasuwa, nawa na Sudan, nata na bakin teku. Ina ce mata Khala, wato inna, tana ce mini binti, wato 'yata. Ita ta karɓi haihuwata da wata azahar, maigida yana wurin aiki. Tun daga ranar ta zama tamkar uwa a gare ni, ko da yake ba mai yawan magana ba ce. Na san mijinta falken tumaki ne, ya rasu a Jidda shekaru da yawa kafin zuwana, kuma ba su sami haihuwa mai rai ba. Ban san komai bayan wannan ba, har sai da aka yi ruwa.

Ruwan sama a Jidda sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, amma in ya zo ba shi da hanyar fita. A wannan shekarar ya shigo mana ɗaki har idon sawu, ya jiƙa katifa da buhun shinkafa. Maigida ya ce zai tayar da gindin bangon da dutse. Ya riƙa ɗauko biyu ko uku a buhu kowace yamma daga baraguzan da ake zubarwa a wurin aikinsu. Dutse ne fari-fari mara nauyi, mai ƙananan ramuka kamar soso, daga bakin teku ake haƙo shi.

Wata ranar Juma'a ya tsuguna yana jera su, sai Khala ta dawo daga talla. Ta tsaya. Ta ajiye kwandonta, ta ɗauki guda ɗaya ta juya shi, ta sa yatsa a ramukan, har ta kai shi hanci.

"Daga ina?" ta ce.

"Daga Balad, Hajja."

"Irin dutsen garinmu ne." Ta duba abin da ya jera, ta girgiza kai. "Ya waladi, ɗana, ba haka ake yi ba. Wannan dutsen ba shi da ƙashi. In ka ɗora shi a kan ɗan'uwansa kawai, shekara biyu zai zauna ya tsage. Kowane layi kaɗan sai ka shimfiɗa katako a tsakani. In ka gama ka shafe shi da farar ƙasa, in ba haka ba iskar gishiri za ta cinye shi."

Maigida ya dube ni, na dube shi. Ya rushe abin da ya yi, ya sake farawa, tana zaune a kan gwangwani tana nuna masa da sandarta. Ashe mahaifinta magini ne.

Daga ranar bakinta ya buɗe. Nakan taya ta tsince lubban a faifai da rana, mu ware farin daga mai duhu, yarinya tana rarrafe a tsakaninmu, ita kuma tana ba ni labarin garinsu Zaila.

Ta ce tun tana ƙarama rabin garin kufai ne. Kakarta ta gaya mata cewa a da jiragen ruwa daga Hindu da Yaman sukan cika mashigin tekun garin, ayarin raƙuma su sauko daga tudu da gahawa da fatu da hauren giwa. "Har da mutane," ta ce wata rana, ta ɗago ta dube ni, sannan ta mayar da idonta kan faifan. Ba ta sake ambatar wannan ba, ni ma ban tona ba. Daga baya yashi ya cike mashigin, manyan jirage suka kasa matsowa. Aka gina hanyar jirgin ƙasa ta Jibuti, fatake suka koma can, maginan suka bi su. Mahaifinta ya ƙi tafiya. Ya ƙare rayuwarsa yana cire dutse daga gidan da ya faɗi yana gyara wanda bai gama faɗuwa ba.

Ta san garin gida-gida. Akwai gidan wani attajiri mai hawa biyu wanda matakalarsa ta rage a tsaye bayan benen ya rufta, yara su hau har ƙarshe su hango tsibirai. Awaki ne ke kwana a zaurensa. Akwai tsohon masallaci mai alƙibla biyu, ɗaya tana duban Ƙudus, ɗaya tana duban Makka, an ce tun farkon Musulunci aka kafa shi. In ruwan teku ya janye, sai a yi tafiya mai nisa a kan jiƙaƙƙen yashi, 'yan mata su tsinto fasassun tangaran masu kore da shuɗi, waɗanda aka ce daga Sin aka kawo su, su yi wasan girki da su. Ruwan sha kuwa ba a garin yake ba, a kan raƙumi ake kawo shi daga rijiyoyi masu nisa.

Na saurari labarin nan har na san ta inda ake bi daga gidansu zuwa masallacin, alhali ban san hanyar da ke kai mutum daga ƙofata zuwa kasuwar Karantina ba.

Wata rana ta ce mini tana so ta koma.

"Khala, ke da bakinki kin ce duk ya rushe. Me za ki je yi?"

"A nan me nake yi?" ta ce. Ta ci gaba da tsintar lubban. Can ta ƙara da cewa, "A can in na mutu, za a sami wanda zai ce 'yar magini ce aka binne."

Ita ma ba ta da iƙama. Tun rasuwar mijinta tata ta mutu. Abin da ya rage mata wata takarda ce ta zamanin Turawan Ingila, ta naɗe ta a ƙyalle, ta yi laushi kamar tsumma. Ta kai ta ofishin ƙasarsu, aka ce mata wannan gwamnatin da ta buga hatimin ba ta nan yanzu, sai ta kawo mutum biyu 'yan garinsu da suka san mahaifinta su yi mata shaida. Ta koma sau uku, amsar ɗaya ce.

Maigida ya ɗauki abin a ransa. Gab da hajji, lokacin da jiragen tumaki ke zuwa daga gaɓar Somaliya, ya riƙa bi ta tashar jiragen ruwa yana tambaya. Bai sami ɗan Zaila ko ɗaya ba. A ƙarshe ya zo da wani ma'aikacin jirgi, mutumin Barbara a gaɓar Somaliya, wanda ya ce ya taɓa ratsawa ta Zaila. Na dafa shayi, na zauna a bayan labule ina jinsu. Da yarensu suka yi magana, ban fahimci komai ba sai muryarta. Tana tambaya da sauri, shi yana amsawa a gajarce. Da ya tafi na fito.

"Me ya ce?"

"Ya ce an kwashe katakan rufi an yi girki da su. Unguwarmu ba kowa sai masunta kaɗan. Masallacin ya rage bango."

"Gidanku fa?"

"Bai san shi ba." Ta ture kofin shayinta gefe. "Ya ce ba zai iya ɗaukata ba. In aka kama mutum a jirgi ba takardar fita, jirgin za a riƙe."

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Amma bayan hajji, lokacin da aka saba kamen waɗanda suka zauna ba izini, sai ta zo da wata dabara. Ta ce ai wanda aka kama ƙasarsu ake mayar da shi. In ofishi ya ƙi ba ta takarda, to masu kame za su samo mata. Maigida ya ce, "Hajja, wannan ba shawara ba ce." Ta ce ba shawara ta zo nema ba, sallama ta zo yi.

Ranar da aka ce motocin masu kame suna bakin titi, da hantsi ne. Lungunmu ya yi tsit, kowa ya shige ya ja ƙofa. Na leƙa na ga Khala ta fito da farin mayafinta na Juma'a, tana jan ƙunshin kayanta a ƙasa, ta taka biyu ta tsaya ta dafa gwiwa. Yarinya tana barci, ta kusa shekara ɗaya da rabi a lokacin. Khala ba ta roƙe ni ba, wannan zan faɗa don Allah. Ni na fito. Na ce a raina zan kai mata ƙunshin bakin kantin Bayamanen da ke ƙarshen lungu in juyo da gudu. Na ɗora shi a ka.

"Koma, binti," ta ce.

"Nan da can ne, Khala."

Muna isa bakin kantin, mota tana tsayawa. Mutum biyu suka sauko. Ta miƙa wa na gaba takardarta ta Ingila, ta ce da ƙarfi, kamar ta daɗe tana haddace shi, "Ba ni da iƙama. Ku ɗauke ni."

Ya duba takardar, ya dube ta tun daga kai har ƙafa. Ya yi murmushi, ba na mugunta ba. Ya mayar mata.

"Ya Hajja, koma gida, rana ta yi zafi."

Sannan ya juyo gare ni. "Ke fa?"

Ƙunshin yana kaina har lokacin. Na sauke shi a hankali. Ina jin Khala tana cewa ita ce, ita ce ta zo, wannan 'yarta ce ta rako ta kawai. Ta kama hannun rigarsa, ya zare ba tare da ya ture ta ba. "Yalla," ya ce mini. Ina hawa motar na juyo na yi mata magana da Hausa, don kada su gane, na manta ita ma ba ta ji. "Yarinyar!" na ce. Ta gane.

Kwana ashirin da uku na yi a wani dogon ɗaki kusa da tashar jiragen ruwa, mu mata da yawa, kowace ƙabila ta kama kusurwarta. Akwai taga ɗaya can sama. In na taka bokiti na kife, ina hango teku, siririya, da hayaƙin jirage.

Wani magatakarda ya tambaye ni ƙasata. Na ce Sudan. Ya ce takarda? Babu. Ya ji harshena, ya rubuta ni a jerin 'yan Nijeriya. Na ce masa ban taɓa ganin Nijeriya ba, ko mahaifiyata ba ta taɓa gani ba. Ya ce can za a warware. Matan kusurwar 'yan Nijeriya suka matsa mini wuri. Suka tambaye ni garinmu, na faɗi sunan ƙauyen da na ji kakana yana ambata a ƙasar Haɗeja, ba wadda ta san shi. Suna dariyar Hausata, wai rabinta Larabci ne.

Ban faɗa wa magatakardan ina da 'ya ba. Wata dattijuwa ce ta ga gaban rigata ya jiƙe da nono, ta ja ni gefe.

"Kina da goyo a waje?"

Na ɗaga kai.

"In kin faɗa, za a kawo ta a haɗa ku a jirgi, ubanta ya zauna. In kin yi shiru, ƙila ki tafi ke kaɗai. Ki zaɓa, amma kada ki zaɓa yau."

Ta nuna mini yadda zan tatse in ɗaure ƙirjina da ɗankwali. Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa, in magatakarda ya shigo sai in kasa. Sau biyu aka kira sunaye aka tafi da mutane. Dattijuwar tana cikin kashi na biyu.

Maigida ya sami ganina sau ɗaya, ta bayan shingen waya, mutane suna ta ihu a kanmu.

"Tana ci?"

"Tana ci. Hajja tana ba ta madarar akuya da shinkafa."

"Tana kuka?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce in yi haƙuri, yana ƙoƙari.

Daga baya na ji irin ƙoƙarin. Ya daina zuwa aiki. Kowace safiya bayan sallar asuba sai ya je ƙofar gidan kafili ya zauna a ƙasa, ba ya roƙo, ba ya magana, in kafilin ya fito ya miƙe ya gaishe shi ya koma ya zauna. Kwana goma sha ɗaya yana haka. Maƙwabtan mutumin suka fara tambaya. A rana ta goma sha biyu kafilin ya fito ya ce, "Halas, ya isa, tashi mu je." Ban san wa ya gani ba, ban san me ya faɗa ba. An kira sunana ni kaɗai da wata la'asar, na ɗauka jirgi ne, sai na ga maigida a bakin ƙofa riƙe da takalmana.

Da na shiga lungu, Khala tana zaune a ƙofarta, yarinya a cinyarta. Na miƙa hannu. Yarinyar ta dube ni, ta juya ta cusa fuska a wuyan tsohuwar. Ta rame kaɗan, amma tsaf take, an yi mata kitso irin nasu. Can ta nuna randa ta ce, "Biyo." Ruwa ke nan da yarensu. Kalmarta ta farko da na ji da kunnena ke nan.

Khala ta ce, "Ki yafe mini, binti."

Na ɗauki 'yata tana tsala ihu na shige ɗaki. Nonona ya riga ya ƙafe, ba ni da abin da zan lallashe ta da shi.

Na fi wata ɗaya ba na shiga wurinta. Na san ba ita ta kira ni ba, na san ta ce in koma, amma duk da haka in na ji tarinta ta bayan kwano sai raina ya ɓaci. Ita ma ba ta matsa ba. Da safe sai in tarar da kwanon madara a bakin ƙofa. Abin da ya kawo ƙarshensa, yarinya ce ta yi zazzaɓi ta ƙi karɓar komai a hannuna. Na ɗauke ta na kai. Khala ta karɓe ta, ta ba ta ruwa da cokali, ta sha. Na zauna a inda na saba zama. Faifan lubban yana nan, na jawo shi na fara tsincewa.

Bayan wasu watanni sunana ya hau iƙamar maigida. Na fara zuwa kasuwa, amma sai da shi, don takardar a aljihunsa take kwana, fasfonmu kuma a akwatin kafili. Ko Sudan ban iya zuwa ba lokacin da aka aiko cewa mahaifina ba shi da lafiya.

Khala ba ta sake fita bakin titi don a kama ta ba, ba ta sake zuwa ofishi ba. Zaila ma ta daina ambata. Sau ɗaya na ce mata in jiragen tumaki sun zo bana, sai maigida ya sake tambaya, wataƙila a dace. Ta ce, "Halas, binti. Bar shi ya yi aikinsa."

Ta ƙara shekara biyu. Ƙafar ta ƙi, ta daina talla, ni nake kai mata abinci. Ta rasu wata rana bayan azahar, a tsakiyar zafi, ina yi mata fifita. Mata biyu 'yan ƙasarsu suka zo daga wata unguwa muka yi mata wanka tare. Ba su san ta sosai ba, ni ce na riƙa gaya musu ko wace ce. Maza suka ɗauke ta, maigida yana gaba. Na raka su da ido har suka sha kwana.

Kafin mako ya zagayo mai ɗakin ya ba wasu samari biyu 'yan Yaman, masu aikin gidan burodi. Suna da rediyo. Yarinya ba ta gane ba, kullum da hantsi sai ta sulale ta je ta zauna a bakin ƙofarsu tana jira a buɗe. In suna nan su ba ta gutsuren burodi, in ba su nan ta yi ta zama a rana har in fito in ɗauko ta. Haka muka yi ta yi har ƙarshen shekarar, lokacin da maigida ya samo mana ɗakin bulo a unguwar Mahjar muka tashi.